Ƙofar da Kawu Ya Fasa da Hannunsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya cika ranar Laraba da hantsi a gidansa na unguwar Ladjifarani a Parakou, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Yayan mahaifiyata ne, shi ya mayar da ni ungozoma, kuma a hannuna ya cika. Kwana uku na yi a zaman makoki ina sauraron abin da ake faɗa a kansa. Duk alheri ne, ban ce an yi ƙarya ba, amma ban ji wanda ya faɗi mutumin da na sani ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da ban saba rubuta komai ba sai nauyin jarirai.

'Yan layin atamfa suka zo, suka ce shekara arba'in suna maƙwabtaka da rumfarsa ba su taɓa jin ya rantse a kan ciniki ba. Malaman unguwar Titirou suka zo suka sauke Alƙur'ani. Mutanen ƙauyukan Sérou suka ciko kamiyo guda, babbar motar kaya, ƙafafunsu jajur da ƙasar hanya, suka jibge doya a ƙofar gida har aka rasa wurin ajiye takalma. Wani tsoho a cikinsu ya zauna yana ta maimaita magana ɗaya, cewa kafin Alhaji ya kawo musu famfo, kurkunu ya kwantar masa da 'ya'ya uku a damina guda. Mahaifiyata ta daure har sai da ta ga ana naɗe buzun sallarsa. Nan ta fashe da kuka tana cewa, “Yanzu ni ce babba a gidanmu. Ba na so, wallahi ba na so.”

Rana ta uku sai ga darakta daga ofishin ƙungiyar agajin da Kawu ya yi wa aiki, da kwat ɗinsa da takarda a hannu. Ya shigo har cikin gida wurin mata don ya gaida matar Kawu. Ya yi jawabi da Faransanci, ya ɗaga hoto a firam: Kawu cikin babbar riga yana yanka zare a gaban ɗakin haihuwar da aka gina a wani ƙauyen Sérou, ginin da muke ce wa matarnite. Ya ce a wannan ginin ne ƙungiyarsu ta ƙirƙiro “ƙofar mata”, ƙofar baya da ake kwaikwayonta yanzu a wasu wurare. Ƙungiyarsu ta ƙirƙiro, ku ji fa. Na ciji leɓe na yunƙura zan tashi, matar Kawu ta danne mini gwiwa ta ce, “Ba yau ba, 'yar nan. Bar shi ya sha ruwa ya tafi.” Ta karɓi hoton da hannu biyu, yana fita ta kifa shi a kan akwati.

Amma ba darakta ne ya fi ci mini rai ba. Ranar jana'iza, kafin a yi masa salla, liman ya ɗaga murya yadda aka saba: “Jama'a, duk wanda marigayi ya saɓa wa, ya yafe masa saboda Allah.” Muna cikin gida muka ji maza sun amsa baki ɗaya, “Mun yafe.” Layi ya cika da mutane, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da Kawu yake jiran amsarsa. Mutum ɗaya ce ya yi shekara tara yana roƙon ta yafe masa, wata tsohuwar Bafulatana a ruga bayan ƙauyen da aka gina matarnite, har ya rufe ido bai ji ta ce uffan ba. Da wannan ya shiga kabari, kuma shi ne ya hana ni sukuni.

Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su Parakou suka yada zango suka ƙi tashi. Kawu ya gaji rumfa, ya gaji baki. Hausa a gida, Dendi a kasuwa, Fulatanci da masu nono, yaren mutanen Djougou da masu doya, Faransanci kuwa a bakin kanti ya tsince shi, yana karya shi son ransa ba kunya ba tsoro. Da masu aikin agaji suka fara shiga ƙauyuka suna neman wanda zai shige musu gaba, sai aka nuna musu shi. Yakan ce, “Su suna da abin hannu ba su da kunne, ƙauye yana da ciwo ba shi da baki. Ni ne kunnen, ni ne bakin.” Famfo, ajin lakwal wato makarantar boko, injin niƙa na mata masu man kaɗe, awakin da ake ba zawarawa su kiwata, duk ta hannunsa suka bi. In ya ɓara goro, babban ɓarin yake miƙa maka.

Yana da hanyar aikinsa da ba wanda ya koya masa. In aka ce a je a duba wani aiki, ba ya kallon gini. Tun daga nesa zai sauka daga babur, ya kama sandarsa, ya bi ƙasa da ido. “Kada ku duba gini, ku duba hanya,” in ji shi. “In ciyawa ta fito a hanya, aikin ya mutu ko da fentinsa yana ƙyalli.” Ya taɓa tafiya da ni wani ƙauye inda takarda ta ce famfo yana aiki lafiya lau. Muka tarar ciyawa ta cinye hanyar har gwiwa. Ashe a kan tsohuwar maƙabarta aka haƙa shi, ba mai shan ruwan. Kawu ya juya kan injiniyan ya wanke shi tas a gaban mutane: “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai wa ka tambaya?” Ku riƙe wannan tambayar, don ta zagayo ta same shi.

Ni dai ba ni da bakin kushe shi. Na faɗi jarrabawar shiga makarantar ungozoma karon farko, na kulle kaina a ɗaki kwana biyu. Bai yi mini wa'azi ba. Ya zo ya buga ƙofa ya ce, “Likita, fito mu je, sakwara tana hucewa.” Ya ɗauke ni a babur zuwa tasha, ya sa aka zuba mini sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, cukun Fulani, ya zauna yana kallona ina ci ina hawaye, daga nan ya wuce da ni ya sake rubuta sunana a jarrabawar. Tun daga ranar Likita yake kirana, har a gaban likitocin gaske. Amma mutum tara yake bai cika goma ba. Kawu yana son a gan shi. Yana son ranar buɗe aiki, da ganga, da babbar riga, da a ce Alhaji ne ya kawo. Kuma duk harsunan nan biyar da yake ji, ban taɓa jin ya nemi shawarar mace da ko ɗaya ba. Tambayarsa ga mace ɗaya ce: an gama abinci?

Shekarar da na gama makaranta ce ƙungiyar ta amince za ta gina matarnite a ƙauyen, Kawu kuma ya tsaya kai da fata ni za a kai can. Ranar zaɓen fili aka taru a gindin babban mangwaron bakin kasuwa, inda dattawan gari suke zama kullum. Sarkin ƙauye yana nan, liman yana nan, arɗon Fulani yana nan. Sarki ya ce ya bayar da fili a bayan gari, wajen itatuwan kaɗanya, kan hanyar rafi. Kawu ya girgiza kai.

“Ranka ya daɗe, asibiti za mu ɓoye kamar kayan sata? A sa shi bakin titi, mota ta iso har ƙofa, wanda zai wuce Djougou ya gani ya san an yi aiki.”

Kowa ya ce Alhaji ya yi gaskiya. Nan take aka kafa turaku, ƙofa tana kallon mangwaro ido da ido.

Ina tsaye a gefe cikin mata, sai wata tsohuwa mai sayar da man kaɗe ta ja gefen zanena. “Ke za ki zauna a ciki?” Na ce ni ce. Ta ce, “To ki taho da gyaɗar ɓara, don zaman banza za ki yi. Wace mace ce za ta ratsa ta gaban surukinta da naƙuda?” Na gane nan take, ai ni ma mace ce. A wajen nan, Fulani da mutanen gari duka, mace ba ta bari a san naƙuda ta kama ta. Ta gwammace ta ciji zane ita kaɗai a bayan ɗaki da a ce wani namiji ya gan ta tana tafiya dafe da ƙugu, balle uban miji. Taku goma ne tsakanina da Kawu. Na kalli bayan babbar rigarsa, na tuna wanda ya sake rubuta sunana, na ce wa raina abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ja bakina na yi shiru.

Aka gina, aka yi fenti, aka yanka zare, aka ɗauki hoton da darakta yake yawo da shi. Mata suna zuwa awo, suna kawo yara rigakafi, don wannan a baranda ake yi kuma babu kunya a ciki. Amma gadon haihuwa wata bakwai yana cikin ledarsa. Sai dai in ji an haihu a gida, a kawo mini jariri bayan suna. Ciyawa ta fito a gindin matakalar ɗakin haihuwa. Kawu ya zo ya gan ta, shi mai dokar hanya, ya sa aka nome. “Za su saba, Likita. Mutumin ƙauye sai a hankali.” Na ce to.

Ranar kasuwa ce, bayan sabuwar doya ta fito. Kawu ya zo da baƙi biyu daga ofis a kan maganar injin niƙa, ya tara dattawa a gindin mangwaro tun hantsi. Yawanci da azahar suke watsewa, amma ranar Kawu yana cikin nishaɗi, goro yana zagayawa, labari yana jan labari. Cikin masu zaman akwai wani dattijon Bafulatani wanda matar ɗansa take kwana na biyu da naƙudar cikin fari. Na san ta. Ita take kawo mana wagashi, mai wushirya, mai yawan dariya, sau uku ta zo awo wurina. Tana wurin uwarta goyon ciki. Uwar ta ga abin ya fi ƙarfin gida, ta riƙo ta suka taho a ƙasa daga ruga. Suka iso bayan rumbunan da ke gefen kasuwa, yarinyar ta leƙa, ta hango uban mijinta zaune yana fuskantar ƙofata. Ta ce ba za ta wuce ba. Suka shimfiɗa zane a bayan rumbu suna jiran dattawa su tashi.

Sai bayan la'asar wata mata ta shigo mini a guje. Daga ƙofata zuwa inda take kwance taku tamanin da shida ne. Na ƙirga daga baya, na sha ƙirgawa. Na tarar ƙasa ta shanye jinin da za ta iya shanyewa, sauran ya kwanta. Na yi abin da aka koya mini, na yi wanda ba a koya mini ba, duk a banza. Uwar tana riƙe da kanta tana cewa, “Ke, tashi. Ke, buɗe ido.” Ke kawai. 'Yar farinta ce, uwa kuwa ba ta kiran sunan ɗan fari, su Fulani har sun fi mu tsanantawa. Har numfashi ya tsaya ba ta kira sunan ba. Abin da ke cikin ma bai fito ba. Daga inda nake durƙushe ina jiyo dariyar Kawu a gindin mangwaro.

Bayan an ɗauke ta ya same ni a baranda ina wanke hannu. Ya ce, “Wane irin jahilci ne wannan? Asibiti a gabansu, su kwanta a bayan rumbu?”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗa masa abin da mai man kaɗe ta faɗa mini. Na faɗa masa wanda aka hango a gindin mangwaro, da wanda ya riƙe dattawan har la'asar. Can ya ce, “Kin sani tun ranar turaku?”

“Na sani.”

“Me ya hana ki faɗa?”

Na ce, “Kawu, wa ka tambaya?”

Ya ɗaga sandarsa, na ɗauka a kaina za ta sauka. Ya sauke ta a hankali. “Ni ban tambaya ba, ke ba ki faɗa ba. Mu biyu muka kashe ta.” Ya hau babur ya tafi. Wata huɗu ba ya yi mini magana, ni ma ban neme shi ba. Mahaifiyata ta yi ta kai gwauro tana kai mari tsakaninmu, tana cewa na yi wa yayanta rashin kunya. Na yi, ban musa ba. Da na yi ta tun ranar turaku, da ta yi amfani.

Ashe a watannin nan yana ta sintiri zuwa ofis. Ya roƙi a fasa ƙofa ta baya. Aka ce zanen ginin daga ƙasar waje aka amince da shi, ba a taɓa shi. Ya ce a rubuta wa na wajen. Aka ce wancan aikin an rufe shi, yanzu lokacin injin niƙa ne, ya jira sabon tsari. Wata safiya ina shara sai na ji bango yana amsawa. Na zagaya baya, ga Kawu ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, daga shi sai 'yar shara, da guduma a hannu, mutumin da ya haura saba'in. Ya taho da magini daga Titirou, amma ya hana shi bugun farko. Sai da ya huda bangon har haske ya shiga, tafin hannunsa ya ɗaye, sannan ya miƙa gudumar. Ya dube ni ya ce, “Likita, kira mini mata. Su nuna inda hanya za ta bi.” Maganarsa ta farko gare ni ke nan.

Mata suka zo, mai man kaɗe a gaba. Ya zauna a ƙasa, a ƙasa fa, yana saurare. Suka ja hanya daga hanyar rafi ta bayan rumbuna, aka kafa zana hagu da dama, aka dasa bini-da-zugu, yadda mace za ta ɗauki tulu kamar mai zuwa ɗiban ruwa ta sulale ba wanda ya sani. Kafin sati uku na karɓi haihuwar farko. Ofis kuwa suka aiko masa da takarda cewa ya ɓata kayan ƙungiya, suka cire shi daga kwamiti. Bai je ya kare kansa ba. Ya naɗe takardar ya ƙunshe goro a ciki. Hanyar nan yau ta zama kamar daɓe, ciyawa ba ta samun zarafin fitowa.

Cire shi da aka yi bai hana ƙauyuka nemansa ba, sai dai mutumin ya sake. In aka kira shi, ba ya fara sauka wurin sarki. Wurin injin niƙa yake tsayawa, ya yi sallama daga nesa, ya jira mata su gama dariyarsa sannan ya yi tambaya. A wani ƙauye 'yan mata suka daina zuwa lakwal, maza suka ce lalaci ne, shi kuwa iyaye mata suka gaya masa ƙofar ban ɗaki tana kallon filin ƙwallo. Zana uku suka gyara abin. Har gida canjin ya biyo shi. Ranar da za a sake ginin kicin ya tambayi matarsa inda take son murhu, ta saki ludayi ta ce, “Alhaji, lafiya? Shekara arba'in da biyar muna tare, yau ka ga ina da baki?”

Na ɗauka da wannan ya huce. Ina. Da sabuwar doya ta sake fitowa, ya zo ya ce in raka shi ruga. Mijin marigayiyar ya riga ya sake aure ya bi shanu kudu, uwar tana nan a bukkarta. Muka tarar da ita tana wanke ƙore. Kawu ya tuɓe takalmi tun daga bakin ruga, ya cire hula, ya durƙusa, Alhaji guda. Ya ce da Fulatanci, “Baiwar Allah, ni ne na sa ƙofar da ta kashe wance.” Ya kira sunan cikakke. “Ki yafe mini saboda Allah.” Ta juya mana baya ta ci gaba da wankinta. Ya jira. Da shirun ya yi tsawo sai ya shiga ba ta labarin 'yarta, yadda wance take yi masa dariya in ya karya Fulatanci, yadda wance ta taɓa ƙara masa gyaran wagashi don ya ce shi tsoho ne ba shi da haƙoran nama. Ba ta waiwayo ba. Ya ajiye gishiri da kanwar shanu, muka tashi.

Haka kowace shekara, da rana ko da ruwa. Ni kam na tsani matar nan, ba zan ɓoye ba. A hanyar dawowa nakan ce, “Kawu, Allah ma ana roƙonsa ya yafe, ita wace ce? Yara nawa aka haifa ta ƙofar da ka fasa?” Sai ya ce, “Waɗannan na iyayensu ne, Likita. Ita nata aka ɗauke. In na tsaya gaban Allah, ba za a tambaye ni famfo ba kafin a tambaye ni yarinyar nan.” Ya daina zuwa bikin buɗe aiki. Babbar rigar da ke cikin hoton ya bai wa ladanin unguwa. Gindin mangwaro kuwa bai ƙara zama ba.

Bara ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya tafi da harshen. Mutumin da ke jin harshe biyar ya koma sai nuni da ido. Ranar da aka kawo sabuwar doya gidan, ya kafe ta da ido, ya kafe ni, ya yi ta bugun katifa da hannun da ya rage masa. Na gane. Muka ɗauki mota, 'ya'yansa biyu suka tallafe shi har bakin bukka suka zaunar da shi a ƙasa. Ya buɗe baki. Leɓe yana rawa, yawu yana zuba, sauti ba ya fita. Ya sake gwadawa. Sai tsohuwar ta ajiye ƙwarya ta juyo, karo na farko cikin shekara tara. Ta daɗe tana kallon bakinsa. Sannan ta ɗago ta kalle ni, ta ci gaba da kallona. Na ɗauka murna take yi da ganin yadda Allah ya mayar da shi. Na harare ta, na ce su ɗauke shi mu tafi. A mota hawaye yana bin ɓarin fuskarsa da ya mutu, ina share masa da gyalena.

To, ranar sadakar uku, bayan darakta ya tafi, ina bayan gida wajen tukwane sai aka ce wata Bafulatana tana nemana. Ga ta tsugune a gindin bango, ta ƙi tabarma, ƙafafunta jajur. Ba ta taɓa zuwa Parakou ba a rayuwarta. Masu doya ne suka kai mata labari, ta shiga mota daga Djougou tana tambayar gidan Alhaji mai famfo har ta iso. Raina ya ɓaci, kuma na bari ta gani.

“Inna, kin makara. An rufe shi shekaranjiya.”

“Na sani.”

“To me kika zo yi? Shekara tara yana durƙusa miki. Kalma ɗaya ya nema.”

Ta ce, “Na yafe masa tun ranar da na ji ya fasa bango.”

Na zauna kusa da ita. “Tun kafin ya fara zuwa?”

“Tun kafin.”

“Kika bar shi ya mutu bai sani ba? Inna, ba ki ji tsoron Allah ba?”

“Na ji.” Ta share hanci da gefen mayafi. “'Yar nan, ni ban taɓa kiran sunanta ba. Ranar suna na ji shi, na haɗiye. Tana raye ina jin sa a bakin mutane, a rafi, a kasuwa, yana isata. Da ta tafi kowa ya daina. Marigayiya, marigayiya. Mijin ya tafi, ƙannenta suna tsoron su tayar mini da ciwo. Sai ga wannan tsohon ya zo ya durƙusa ya kira ta. Sau bakwai na ƙirga ranar farko. Na juya baya ne don kada ku ga fuskata. Na ce in na ce na yafe, ya samu abin da ya zo nema, baɗi ba zai dawo ba.”

“Da ya dawo,” na ce. “Wallahi da ya dawo.”

“Ban sani ba. Ban yarda in gwada ba. Kowace shekara ina cewa baɗi zan faɗa masa. Bara da na ga bakinsa ya mutu, na juyo zan faɗa. Na kalle ki, na ce ke za ki kira masa sunan, in ji sau ɗaya, sannan in faɗa. Kika harare ni kika ɗauke shi.”

Na so in yi ihu, na so in shaƙe ta, na so ƙasa ta tsage in shige. Sau biyu ke nan ina tsaye kusa da maganar da ta kamata in faɗa, ina jan bakina. Na farko ya ci rai biyu. Na biyu ya sa Kawu ya kwanta shekara guda yana kallon rufin ɗaki da tsoron haɗuwarsa da Allah, alhali an yafe masa tun tuni. Ban san wadda ta fi laifi ba tsakanina da tsohuwar nan, kuma na daina neman sani. Muka zauna muna kuka kamar waɗanda aka yi wa mutuwa ɗaya.

Can ta ce, “Kin san sunan?”

“Na sani.”

Ta jira. Na kira shi. Ba zan rubuta shi a nan ba, nata ne. Ta rufe ido.

“Sake.”

Na sake.

“Sake.”

Sai da na kira shi sau bakwai. Sannan ta tambaye ni wajen da maƙabarta take, na nuna mata. Ta miƙe da ƙyar, ta fuskanci wajen, ta ɗaga murya yadda maza suka amsa wa liman, ta ce, “Na yafe.” Ba wanda ya ji sai ni da mata biyu masu tuƙa tuwo, su kuwa ba sa jin Fulatanci.

Ya Allah, Kai ne mai isar da abin da bai isa ba. Ka kai wa Kawu kalmar nan inda yake kwance, Ka yalwata masa makwanci, Ka jiƙan wance da abin da ke cikinta, mu da muka yi shiru Ka yafe mana. Saura wata biyu sabuwar doya ta fito. Na riga na gaya wa Inna ina tafe rugarta.